Lambar da *#62# ke nuna maka: fashin baƙi kan akwatin saƙon murya

Ranar wata Laraba bayan la'asar na tarar da kawuna tsaye a rumfar mai cajin waya da ke bakin layinmu a Runjin Sambo, waya a hannu, fuska a murtuke. Dillalin albasa ne, rabin rayuwarsa a Ramin Kura ya yi ta, ba kuma mutum ne mai saurin firgita ba. Ashe wani odiyo aka turo a guruf ɗin 'yan kasuwarsu, mai maganar yana ta rantse-rantse cewa duk wanda ya danna *#62# ya ga wata lamba ta fito, to ya tabbata ana sauraren wayarsa. Kawu ya danna. Lamba ta fito, ta fara da +234, bai kuma san mai ita ba.

"Ɗana, taho ka diba mini wanga abu. Wa ka saurare na? Ni mi ag gare ni in ba albasa ba?"

Na ce, "Kawu, ku kwantar da hankalinku. Ku kashe wayar tukuna."

Ya kashe. Na kira lambarsa daga tawa, na sa a sifika. Ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba, sai muryar wata mace ta fito da Turanci tana cewa a bar saƙo, sai kuma "ƙiiit". Mai caji ya tuntsire da dariya. Na katse na duba kuɗin wayata, an ɗan gutsura. Lambar da ta tayar wa Kawu da hankali ta kamfanin layinsa ce, adireshin wurin da ake kai kiransa idan ba a same shi ba. Sunan wurin akwatin saƙon murya, wanda 'yan boko ke kira boyismel.

Sama da shekara ashirin ke nan wannan akwati yana biye da layukanmu, amma ka tambayi majalisa guda, da wuya ka samu wanda ya taɓa buɗe nasa da gangan. Yawancinmu faɗawa muke yi cikinsa kamar rami, mu yi tsaki mu katse.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne inda akwatin yake. Ba a cikin wayarka yake ba, ba a sim ba, ba kuma a ƙarfen sabis ɗin da ke bayan gidanku ba. Yana can cibiyar kamfani, cikin manyan kwamfutoci da ke ɗakin da ba a ɗauke wa wuta. Dole ma ya kasance can, tun da aikinsa yana farawa ne daidai lokacin da wayarka ta gaza: ta mutu, ko ta shiga inda babu sabis, ko ta faɗa rijiya.

Don a gane yadda kira ke ƙarewa a wurin, sai an bi sawunsa tun daga farko. Kowane kamfani yana da babbar rajista da injiniyoyi ke kira HLR. A cikinta aka rubuta lambarka, da abin da aka yarje wa layinka ya yi, da lambar da za a karkatar da kiranka idan ba ka nan. Rajistar ba ta bin ka lungu-lungu. Abin da ta sani kawai shi ne wace cibiyar haɗa kira ce ke riƙe da kai a yanzu. Ita kuma wannan cibiya, MSC, tana da tata ƙaramar rajistar ta baƙi, VLR, wadda aikinta ya yi kama da na mai unguwa: duk baƙon da ya kwana a yankinsa yana da labarinsa. Ka tashi daga Sakkwato ka nufi Kano, wayarka a aljihu tana ta kai gaisuwa ga kowane mai unguwa da ta shiga ƙasarsa, shi kuma yana aika wa babbar rajista cewa wane fa yana hannuna. Idan wani ya kira ka, rajista ake fara tambaya, ta nuna mai unguwar, shi kuma ya sa duk ƙarafunan yankin su yi shelar sunan wayarka. Ta amsa, a buɗe mata hanya, ta fara ƙara. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Akwai wani ɗan bambanci da kowa ya taɓa ji da kunnensa ba tare da ya san dalilinsa ba. Idan ka kashe waya da hannunka, kafin ta mutu sai ta yi wa cibiya sallama, ta ce na tafi. Shi ya sa mai kiranka yake jin amsa nan take, kamar yadda muka ji da wayar Kawu. Idan kuwa sabis ne ya ɓace maka a hanyar Gudu, ko batir ya fita ba shiri, babu sallama. Cibiya tana zaton kana nan, sai ta yi ta shela babu mai amsawa, mai kira yana jin shiru mai tsawo, kafin ta haƙura ta ce ba a same ka ba. Wannan shirun ba lalacewar waya ba ne, neman ka ake yi.

Tsarin GSM ya tanadi hali huɗu da za a iya karkatar da kira, kowanne da lambarsa, kuma lambobin iri ɗaya ne ko'ina a duniya. Lamba 62 ta wanda ba a samu ba ce, 67 ta wanda ke kan wani kiran ko ya katse da gangan, 61 ta wanda wayarsa ta yi ta ƙara bai ɗaga ba. Ta huɗun, 21, ita ce mai kwashe komai: duk kiran da ya shigo a wuce da shi, wayarka ko motsi ba za ta yi ba. Idan ka danna *#62# tambaya kawai ka yi wa rajista: in ba a same ni ba, ina kuke kai baƙona? Ita kuma ta ba ka amsa. A mafi yawan layuka amsar lambar kamfani ce da aka sa tun ranar da aka buɗe layin. Wanda ya yi odiyon nan ya ga hayaƙi ne ya yi ihun gobara a gidan mai tuyar ƙosai. Sauraren da hukuma ke yi da izinin doka, wanda hukumar sadarwa ta NCC ta fitar wa da ƙa'idoji a 2019, a cikin cibiyar kamfani ake yin sa, ba ya kuma bayyana a kowace lamba da za ka danna. Wadda ta cancanci a duba da idon basira ita ce *#21#, zan dawo kanta.

Har tsawon ƙarar da waya za ta yi kafin a wuce da kira mai layi na iya zaɓa, daga daƙiƙa 5 zuwa 30, biyar-biyar. Dattijon da wayarsa ke can ƙasan aljihun 'yar ciki, ƙarƙashin babbar riga, 30 ɗin ce daidai da shi.

To kira ya iso akwati. Ta yaya na'ura ɗaya mai riƙe da akwatunan miliyoyin mutane take sanin na wa za ta buɗe? Kiran da aka karkatar yana zuwa ne da takardar rakiya: ga lambar mai kira, ga lambar wanda aka nufa tun asali, ga dalilin karkatarwa. Da lambar ta biyu take zaƙulo akwatinka ta kunna gaisuwar da ke ciki. A nan ne kuma kuɗi ke shigowa, a nan ɓacin ran yake. Sanarwar da ke cewa lambar da ka kira a kashe take ana kunna ta ne kafin a ɗaga kira, don haka kyauta ce. Shi kuwa akwati ɗaga kiran yake yi. Yana aika wa cibiya alama irin wadda ɗan'uwanka zai aika idan ya danna kore, mita kuma ba ta san bambancin mutum da na'ura ba. Abin da ya gutsuri kuɗina a rumfar mai caji ke nan.

Muryar da ka bari ba a matsayin sauti ake ajiye ta ba, lissafi ake mayar da ita. A tsohon ma'aunin tarho ana auna murya sau 8,000 a daƙiƙa guda, abin da ke ba da ɗigon bayani 64,000. Iska ba ta da faɗin ɗaukar wannan ga kowa da kowa, sai GSM ya matse shi zuwa 13,000, daga baya aka zo da tsarin AMR mai sauka har 4,750 idan sabis ya yi rauni, ya hau 12,200 idan ya yi kyau. Shi ya sa muryar mai kira daga ƙauye take fitowa kamar yana magana cikin tulu, kuma yadda ta iso haka akwati zai adana ta. Minti guda na irin wannan magana bai kai kilobayit 100 ba. Hoto ɗaya na ranar suna ya ninka shi sau da yawa.

Saura a sanar da kai. Akwati yana miƙa wa cibiyar tes wani gajeren saƙo, wani lokaci rubutu ne da za ka karanta, wani lokaci ɓoyayye ne da aikinsa kawai ya kunna wata 'yar alama a saman fuskar waya. Idan wayarka a kashe take, sai a sa tuta a kan sunanka a rajista, da zarar ka kunna a sako saƙon. Wannan dabarar ce kuma ke kawo maka tes ɗin "wane ya kira ka" bayan ka fito daga inda babu sabis. Ita alamar, da'ira biyu da layi ya haɗa su ta ƙasa, yaran yanzu suna ganin ta kamar tabarau. Zanen faifan zaren rikoda ne, kakan kaset. Idan ka kira akwatin kana danna 1 ko 2, kowane maɓalli sauti biyu ne a haɗe, tsarin da kamfanin Bell na Amurka ya fito da shi a 1963. Maɓallin 1, misali, haɗin sauti mai kaɗawa 697 ne da mai 1,209 a daƙiƙa. Abin sha'awa, a GSM ba wayarka ke aika sautin ba, don matse muryar da ake yi zai ɓata shi. Gaya wa cibiya take yi an danna kaza, cibiya ta yi kukan a madadinta.

Asalin abin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Tun 1898 wani injiniya ɗan ƙasar Denmak, Valdemar Poulsen, ya ƙera na'urar da ke naɗar murya a kan zaren ƙarfe, da niyyar ta riƙa karɓar saƙon tarho. Daga irinta aka samu 'yar na'urar amsa kira da Turawa ke ajiyewa kusa da tarhon gida. Mayar da ita babbar kwamfuta guda mai ɗaukar saƙon ma'aikata dubbai aikin shekarun 1970 ne. Kamfanin IBM ya yi nasa gwajin, sai kuma Gordon Matthews na jihar Texas, wanda ya kafa kamfaninsa a 1979, ya sayar wa kamfanin 3M tsarinsa na farko a 1980, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1983. Matsalar da suke son magancewa ta ofisoshin Amurka ce. Tsakanin New York da Kalifoniya akwai tazarar awa uku, wannan yana teburinsa wancan bai tashi barci ba, a wuni ana kiran juna ana saɓani. Da GSM ya fara aiki a Finlan a 1991, akwatin ya biyo shi a matsayin kayan cikin gida. Shi kansa tes, wanda aka fara aikawa a Ingila a Disambar 1992, cikin ayyukan farko da kamfanoni suka ba shi har da sanar da mutum cewa yana da saƙon murya.

Mu kuma ya iso mana a 2001. A Janairun shekarar NCC ta yi gwanjon lasisi, kowanne a kan Dala miliyan 285, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Wanda ya ga lokacin zai tuna sim yana kai wa Naira 20,000, kira kuma Naira 50 ne minti guda, ko da daƙiƙa uku ka yi. Sai da Glo ya shigo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. To ka ɗauki mutumin da ya sayi kati da guminsa, ya kira ɗan'uwansa a Legas, wata Baturiyar murya ta ɗaga, Naira 50 ta tafi bai ji ko "salamu alaikum" ba. Sau nawa za a yi masa haka kafin ya koyi katsewa da sauri? Shekara biyun nan na farko su suka yi wa akwatin baƙin jini, har yau bai wanke ba. Maimakonsa muka ƙirƙiro namu tsarin: filashin. Ƙara ɗaya, a katse. Ma'anarsa tana ga yarjejeniyar mutum biyu, ko na iso lafiya, ko kira ni kai ke da kati, ko fito ina ƙofar gida. Ba a biyan ko kwabo.

Na sha jin ana cewa Bahaushe ne ba ya son barin saƙo, ana kawo karin maganar zuwa da kai ya fi saƙo. Ban yarda ba. Mu da muka tashi muka tarar da sallahu? Duk motar da za ta tashi daga tasha sai an ɗora wa direba maganar baka fiye da kayan da ke bisa. Na kuma tuna ina yaro, wata gwaggonmu da ke zaune a Makka takan aiko da kaset ta hannun alhazai. A shimfiɗa tabarma bayan isha'i, a sa sabon batir a rediyo, ta gaishe da kowa da sunansa har jaririn da ba ta taɓa gani ba, tsofaffi suna amsa mata kamar tana zaune a wurin. Washegari a juya wani kaset a naɗa mata amsa. Wannan ai saƙon murya ne tsantsa. Kuma da WhatsApp ya kawo nasa a 2013, wa ya kai mu rungumarsa? A 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 kowace rana a duniya, kuma wanda ke cikin guruf ɗin dangi ko na 'yan kasuwa ya san muna da kaso a ciki. Shi kansa Kawu da odiyo aka tsorata shi, da odiyo kuma yake sanar da abokan cinikinsa na kudu farashin buhu kowace safiya.

Saboda haka ba maganar ce muka ƙi ba, yadda aka gina akwatin ne bai dace da mu ba. Ana biya a ajiye, a tsare-tsare da yawa kuma a biya a ɗauka. Duk wanda na taɓa faɗawa cikinsa da Turanci ya tarbe ni, ya kuma umarce ni in danna wannan in danna wancan. Sannan yana son ka fara magana nan take bayan ƙara, alhali maganarmu ba ta farawa sai an yi sallama an amsa, an tambayi kwana da gajiya da iyali da zafi. Ka yi sallama shiru ya amsa maka, sai harshe ya sarƙe. Magana kuma zarar bunu ce: a WhatsApp kana iya saurare ka goge kafin ka tura, a nan kuwa yawancin mutane ba su san ko akwai hanyar janyewa ba. Akwai kuma bambancin gini mai muhimmanci ga ƙasa irin tamu. Akwatin kamfani yana buƙatar kira mai rai sau biyu, lokacin ajiyewa da lokacin ɗauka, in sabis ya yanke a tsakiya an yi asara. Odiyon WhatsApp kuwa a wayarka ake naɗe shi, ya zauna yana jira, da sabis ya ɗan leƙo ya sulale ya tafi.

Duk da haka ina ganin an yi asarar wani abu, kuma a nan ne nake jin haushin kamfanonin gaba ɗayansu. WhatsApp sai da babbar waya da data. Dubi wanda ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila: manomi a fadamar Wurno, makiyayi, tsohuwa a cikin gida wadda ba ta karanta boko, tes a wurinta zane ne kawai sai jika ya dawo makaranta. Wayarsu takan kwana biyu a mace saboda babu wuta, ko tana wurin mai caji. Waɗannan su ne akwatin saƙon murya ya fi dacewa da su a duk duniya, domin yana aiki a kowace irin waya, ba ya son data, ba ya son karatu. Da an sa shi ya yi sallama da Hausa, ya kira mutum da kansa idan wayarsa ta dawo ya karanta masa saƙonsa kyauta, da labarin ya sha bamban. Fasahar yin haka ba sabuwa ba ce. A 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi a duk layuka, aka ware 301 don ajiye saƙon murya, 302 don saurarensa. Kowa ya haddace 310 ta duba kuɗi da 311 ta sa kati. Ban taɓa jin wanda ya ambaci 302 a bakinsa ba.

A Satumbar 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, mutanen gabashin Sakkwato sun riƙa yin tafiya mai nisa don su yi kira ɗaya su koma. Ƙarafuna aka kashe, akwatunan suna can cibiya lafiya lau. Mai ɗan'uwa a yankin yana iya barin masa magana, shi kuma ranar da ya fito inda sabis yake ya saurara, muddin kwanakin da kamfani ke riƙe saƙo ba su ƙare ba. An yi wannan hali ne kamar don akwatin, amma ba a saba da shi ba, babu kuma wanda ya koya wa mutane.

A ƙasashen da abin ya karɓu an ci gaba da gyara shi. A 2007 iPhone ya zo da tsarin da ke jera saƙonni a fuskar waya kamar wasiƙu, ka taɓa wanda kake so, ba sai ka saurari na farko kafin na biyar ba. A ɓoye, kamfani ne ke aiko da tes marar ƙara, waya ta bi ta intanet ta kwaso muryar kamar yadda ake kwaso imel, don haka sai kamfanin layi ya shirya masa. Android ya sa irinsa a 2015. A 2016 iPhone ya fara mayar da saƙon murya zuwa rubutu, da Turanci. A 2023 kuma Apple ya sa wayar da kanta ta riƙa ɗaga kira tana rubuta abin da ake faɗa kana kallo, wato an zagayo an koma na'urar kusa da tarhon gida. Ranar da irin wannan za ta saurari Basakkwace yana cewa "shina nan tahe da kuɗɗin" ta rubuta daidai, zan yi mata tafi.

Masu tafiya su lura da wani abu. Idan kana Saudiyya da layinka na gida, aka kira ka waya ta yi ƙara ba ka ɗaga ba, kiran ya riga ya ƙetara ya same ka a can, sannan a sake juyo da shi Najeriya zuwa akwati. Tafiya biyu ke nan ta ƙasa da ƙasa, kuma a tsare-tsare da yawa mai layi ake ɗora wa kuɗin, ga shi ko "alo" bai ce ba. Haka na iya samun ɗan kasuwar da ya ƙetara Illela zuwa Ƙonni, ko ma yana tsaye a bakin iyaka wayarsa ta kama sabis ɗin Nijar. Alhaji ya soke karkatarwa kafin ya hau jirgi ya fi masa.

Yanzu maganar da mai odiyo ya kamata ya yi bai yi ba. Akwatin da ba ka amfani da shi ɗaki ne a gidanka da ba ka taɓa shiga ba, mai ƙofa ta waje. Tsare-tsare da yawa suna barin a saurari saƙo daga wata wayar idan an san lambar sirri, lambar da ake ba kowa da farko kuwa irin su 0000 ko 1234 ce. Da wannan sakaci 'yan jaridar News of the World a Ingila suka yi shekaru suna sauraren saƙonnin mutane. A Janairun 2007 aka ɗaure wakilinsu na fadar sarauniya, Clive Goodman, tare da mai binciken da ke yi musu aikin, Glenn Mulcaire. A Yulin 2011 ta fito cewa har akwatin wata yarinya da aka sace aka kashe sun shiga, cikin mako guda jaridar mai shekara 168 ta rufe. Ba wata gagarumar na'ura suka yi amfani da ita ba, lambar da ba a canza ba ce.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne satar WhatsApp. Ɓarawo ya sa lambarka a wayarsa da tsakar dare, ya zaɓi a kira a faɗi lambar tabbatarwa. Kana barci, kira ya faɗa akwati, na'ura ta karanta wa na'ura lambobi shida. Ya shiga akwatin da 0000 ya kwashe. Da asuba 'yan'uwanka sun fara samun saƙon "turo mini dubu ashirin zan mayar anjima". Hukumar tsaron intanet ta Isra'ila ta yi gargaɗi a kan wannan a 2018, a 2019 kuma ta hanyar akwatin saƙon murya aka shiga Telegram na manyan jami'ai a Brazil, har da ministan shari'a Sergio Moro. Akwai kuma ta rainin hankali, wadda ba ta ma buƙatar akwati: wani ya kira ka da muryar ma'aikaci, ya ce danna **21* da wata lamba don a gyara maka layi ko a sa ka cikin masu karɓar tallafi. Ka danna, duk kiranka ya koma hannunsa. A nan ne *#21# ke da amfani. Idan ta nuna ana karkatar da kiranka zuwa lambar da ba kai ka sa ba, to wannan kam gobara ce. Danna ##002# yana soke kowace irin karkatarwa, ko da yake wasu layukan suna mayar da tasu ta kamfani daga baya. Sai kuma a canza lambar sirrin akwati, a sa wa WhatsApp mabuɗi na biyu da ke cikin saitinsa.

Duk wannan na zayyana wa Kawu a kan bencin mai caji, har aka kira magariba. Na ba shi zaɓi biyu: ko mu naɗa gaisuwa da muryarsa, ya yi sallama ya ce a bar saƙo, mu canza lambar sirri, ko mu rufe gaba ɗaya. Ya ce shi ba ya magana da aljanu, a rufe. Na danna ##002#, waya ta ce an soke.

Bayan kwana huɗu sai ga kiransa da sassafe. Ya je ƙauye ɗaukar kaya, ya wuni inda babu sabis, ya dawo bai ga tes ɗin da ke gaya masa wa da wa suka neme shi ba. A layinsa, ashe, ta wannan karkatarwar tes ɗin ke biyowa. Wani mai saye daga Onica ya kira shi sau uku bai sani ba, har ya sayi na wani.

"Ɗana, wanga abu da ka kashe, taho ka maido mini shi. Amma ka hana ma matar nan yin Turanci."